Mai gida ya gano ina kiwon mesa a ɗakin haya, zai iya korata?

"Assalamu alaikum Barista. Shekara huɗu ke nan ina kiwon wata 'yar ƙaramar mesa, irin wadda take dunƙulewa idan ta tsorata. Ba ta da dafi, tsawonta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma a akwatin gilashi take zaune. Wata takwas da suka wuce na kama haya a wani bene mai hawa uku. Ban gaya wa mai gidan ba, don a ganina ba ta kuka, ba ta wari, ba ta takura wa kowa. Makon jiya mai gyaran famfo ya shigo ya gan ta, ya kai labari. Yanzu mai gida ya ce ko in fitar da ita cikin kwana bakwai ko in tattara kayana. A takardar haya an rubuta cewa ba a ajiye dabba sai da izinin mai gida a rubuce. Shin maciji a cikin akwati yana cikin wannan sharaɗi? Yana da ikon korata haka kawai? Ba na son rabuwa da ita."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau, abu uku kake son sani: ko sharaɗin da ke takardarka ya hau kan maciji, ko wa'adin kwana bakwai ɗin nan yana da ƙarfin doka, da kuma ko akwai hanyar da za ka ci gaba da zama a gidan tare da mesarka. E, sharaɗin ya hau kanta. A'a, a mafi yawan ƙasashe mai gida ba ya korar ɗan haya da fatar baki cikin mako guda. Hanya kuma akwai ta, sai dai ka ƙuntata ta da hannunka tun ranar da ka shigo da akwatin nan ba ka faɗa ba.

Ba ka ambaci ƙasar da kake ba, kuma takardar hayarka ba ta gabana. Dokar haya kuwa takan sauya daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga birni zuwa birni. Don haka zan nuna maka yadda ake auna irin wannan magana, da misalai daga wurare dabam-dabam, kai kuma ka ɗauki takardar ka kai wa lauyan da ke garinku kafin ka sa hannu a kan komai.

Tambayar farko ba ta mai gida ba ce

Duk wanda ya zo mini da irin wannan matsala, kafin in buɗe takardar hayarsa nakan tambaye shi: dokar garin da kake ta yarda ka mallaki wannan macijin? In ba ta yarda ba, gardamar haƙƙin ɗan haya ta mutu tun ba ta tashi ba, domin babu alƙalin da zai tilasta wa mai gida ya ƙyale haramtaccen abu a cikin gininsa.

Daga siffar da ka bayar, taka ita ce wadda masana ke kira Python regius, 'yar asalin Yammaci da Tsakiyar Afirka, wadda ake fitar da ita zuwa kasuwannin duniya musamman daga Ghana, Togo da Benin. Tana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje. Amma duk da sauƙin kanta, dokar lafiya ta birnin New York ta hana ajiye kowace irin mesa, babba ko ƙarama. Jihar Hawaii da ƙasar New Zealand sun hana kiwon maciji ɗungurungum. A Ostireliya sai da lasisi ake kiwon macizan ƙasar, na waje kuwa irin taka ba a yarda ba. Birnin Toronto ya bi ta wata hanya: ya hana masu dafi, ya kuma hana duk macijin da tsawonsa kan wuce mita uku in ya girma. A Birtaniya, dokar dabbobin daji masu haɗari ta 1976 ta wajabta lasisin ƙaramar hukuma da inshora ga mai ajiye macizai masu mugun dafi, amma mesa ba ta cikin jerin. Ka ga dabba ɗaya, hukunci biyar.

Sannan akwai yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a 1973, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma dangin mesa duk suna ƙarƙashinta. In kana da rasit ko wata takarda da ke nuna inda ka samo ta, ka adana. Ranar da hukuma ta shigo maganar, ita za a fara nema.

Abin da ka sa wa hannu

In dokar gari ta yarda, sai mu dawo kan takardar haya. Kusan kowane mai kiwon maciji da na zauna da shi yakan kawo hujjar da ka kawo: ai kare da kyanwa ake nufi, wannan kuwa a rufe take kamar kifi a tulun gilashi. Na fahimci tunanin, kuma ba shirme ba ne. A Jamus, kotun ƙoli mai sauraron ƙararrakin jama'a ta yanke a 2007 cewa ba a hana ɗan haya ƙananan dabbobin da ake rufewa a keji ko akwati, irin su tsuntsaye da kifin ado, sannan a 2013 ta rushe sharaɗin da ya hana kare da kyanwa baki ɗaya ba tare da duban halin kowane gida ba. Amma takardarka "dabba" ta ce, ba ta ce kare ko kyanwa ba. Maciji dabba ne. Kuma sharaɗin naka bai ma rufe ƙofa ba, cewa ya yi ka nemi izini. Irin wannan sharaɗi ya fi wuyar rushewa a kotu fiye da hani kai tsaye, saboda alƙali zai dube ka ya ce: an ba ka hanyar tambaya, me ya hana ka tambaya?

Akwai wuraren da doka ta tsaya wa ɗan haya fiye da haka. A lardin Ontario na Kanada, dokar haya ta 2006 ta ce duk sharaɗin da ya hana ajiye dabba a gidan haya banza ne, ko da ɗan haya ya sa hannu. Faransa tana da makamanciyarta tun 1970 game da dabbobin gida, muddin dabbar ba ta yi ɓarna ko ta dami maƙwabta ba. A jihar Victoria ta Ostireliya, tun 2020 ɗan haya yakan nemi izini a rubuce, mai gida kuma in bai yarda ba shi ne zai garzaya kotun sulhu cikin kwana 14, in ya yi shiru an ɗauka ya amince. Ingila ta yi sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya a 2025, wadda ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, ta kuma hana mai gida ƙi ba tare da dalili mai ma'ana ba.

Ka lura da abu ɗaya a cikinsu duka: babu wadda ta ce ɗan haya ya yi abin da ya ga dama. Ita kanta dokar Ontario ta bar wa mai gida damar neman a fitar da ɗan haya idan dabbar ta hana maƙwabta sakat, ko tana tayar wa wani da rashin lafiya mai tsanani, ko kuma jinsinta mai haɗari ne a halittarsa. A nan ne ake raba ƙaramar mesa da kumurci ko kububuwa. Ni dai ra'ayina a fili yake: maciji mai dafi ba shi da wurin zama a ginin da mutane suka haɗa bango, ko da doka ta yarda, ko da mai shi gwani ne. Maƙwabci bai amince ya sa ransa a hannun ƙwarewar wani ba.

Wani abu da ke nuna illar ɓoyewa: a birnin New York akwai dokar da ta ce idan ɗan haya ya ajiye dabba a fili har wata uku, mai gida ko wakilinsa ya sani bai kai ƙara ba, to sharaɗin hanin ya faɗi. Sharaɗin kariyar shi ne a ajiye dabbar a fili. Wanda ya rufa wa akwati bargo duk ranar da za a shigo duba gida ba ya samun ta. Haka tunanin alƙalai yake a wurare da yawa: shirun mai gida bayan ya sani yana iya zama yarda, amma shirun wanda aka ɓoye wa ba komai ba ne. Wata takwas ɗinka ba su ƙara maka hujja ba.

Kwana bakwai

Saɓa sharaɗi ɗaya bai mayar da kai baƙo a ɗakin da kake biya wa kuɗi ba. A galibin dokokin haya, mai gida sai ya ba ka notis a rubuce, ya faɗi sharaɗin da ka saɓa, ya ba ka wa'adin da doka ta tsara, sau da yawa har da damar gyara laifin. In ba ku daidaita ba ya je kotu, kuma jami'an kotu ne ke fitar da mutum, ba shi ba. Ba shi da ikon sauya kwaɗo, ko yanke maka wuta da ruwa, ko fitar da kayanka waje, ko shigowa ɗakinka yadda ya so ba tare da sanarwa ba sai in gaggawa ce ta gaske. Mesar kuma dukiyarka ce a idon doka. Ba shi da ikon ɗauke ta, balle ya sa a kashe ta.

Maganar yanke wuta ka riƙe ta da kyau, domin a wurinka ta wuce rashin haske. Maciji ba ya samar wa jikinsa zafi, da ɗumin akwatin yake narkar da abinci. 'Yan kwanaki a ɗaki mai sanyi sun isa su jawo mata ciwon numfashi.

Kada dai ka raina wa'adin. Akwai wuraren da notis na gyara laifi gajere ne ƙwarai, 'yan kwanaki kawai, kuma in a rubuce ya aiko maka, agogo ya riga ya fara tafiya. Idan zamanka wata-wata ne, ko wa'adin hayarka ya kusa cika, a ƙasashe da dama yana iya ƙin sabunta maka ba tare da ya ambaci maciji ba. Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa cin nasara a kotu kan notis ɗaya bai cika zaunar da mutum a gida ba. Daidaitawa ce ke zaunar da shi. Kuma duk rintsi ka ci gaba da biyan kuɗin haya a kan lokaci. Na sha ganin mai hujja mai ƙarfi ya riƙe kuɗi don fushi, sai ya miƙa wa mai gida dalilin kora da ba ya buƙatar wata gardama.

Ka tsaya inda mai gida ya tsaya

Ka ce ba ta takura wa kowa, kuma na yarda da kai. Amma kalmar maciji kaɗai tana da nauyi a zuciyar mutane, da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara. Gaskiya ne cewa daga cikin nau'in macizai fiye da 3,000 kimanin 600 ne kawai masu dafi, amma uwar da ke hawa na biyu da ɗanta mai rarrafe ba za ta tsaya lissafi ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, kuma mutane da yawa sun gaji wannan tsoro ko ba a taɓa sarar su ba. Mai gida yana tunanin in labari ya bazu, 'yan haya uku za su tashi saboda mutum ɗaya. Yana tunanin kamfanin inshora zai iya ƙin biya in wani abu ya faru. In kuma shi ma ɗaki ɗaya ya mallaka a ginin da ke da dokokin kwamitin masu gidaje, to ƙila ba shi da ikon ba ka izinin ko da yana so.

Kuma tsoron kuɓucewa ba tatsuniya ba ne. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata ƙatuwar mesar Afirka mai kusan mita huɗu ta fita daga ɗakin da aka tsare ta ta bututun iska, ta faɗo daga silin cikin falon da wasu yara biyu 'yan shekara huɗu da shida ke barci, ta kashe su. Taka ba ta kai rabin rabin wannan ƙarfi ba, kuma ba za ta taɓa kaiwa ba. Amma ƙofar da waccan ta bi, kowane maciji yana iya bin irinta.

Na taɓa shiga tsakani a wata rigima irin taka. Matashin yana da akwati mai murfin raga a sama, ya ɗora littattafai biyu a kai yana ganin sun isa. Mesar ta sa hanci a kusurwa ta ɗaga, ta sauka, ta shige ƙarƙashin wurin wanke kwanuka inda aka huda bango don bututu aka bar giɓi kamar faɗin yatsa uku. Kwana tara ana nema. Matar da ke hawan ƙasa ce ta ja firij za ta yi shara, ta same ta a naɗe a jikin injin, inda ɗumi yake. Ba ta ciji kowa ba, dunƙulewa ma ta yi ta ɓoye kai kamar yadda suka saba. Amma matar ta kwashe 'ya'yanta ta bar ɗakin a daren, kuma daga ranar babu wata hujjar doka da ta iya zaunar da matashin a ginin. Sau da yawa inda kan maciji ya shiga, sauran jiki yakan bi, kuma ƙarfin turinsa ya wuce yadda ido ke nunawa.

Ɓarnar da na fi gani a ɗakunan masu kiwon macizai ma ba macijin ke yin ta ba. Tabarmar ɗumi da aka shimfiɗa ba tare da na'urar daidaita zafi ba takan ƙona katako ko kafet, wani lokacin ta kai ga gobara. Irin mesarka tana son gefe ɗaya na akwatin ya kai zafin digiri 31 zuwa 32, da danshin iska kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, kuma in akwatin ya manne da bango a ɗakin da iska ba ta ratsawa, fenti zai kumbura, bango ya yi baƙi. Wari kuwa daga ɓeraye yake zuwa, wurin masu kiwon su da rai don ciyarwa. Sai ƙwayar cutar salmonela da dabbobi masu jan ciki kan ɗauka a hanjinsu ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. Saboda ita ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take ba da shawarar kada a ajiye su a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar. In kuna haɗa kicin ko firiza da wasu, wannan ƙorafi ne da zan goyi bayan mai yin sa. Sauran bayanin lafiyarta aikin likitan dabbobi ne, ni iyakata abin da ke zuwa gaban teburin sulhu.

Abin da nake ba ka shawara

Yau ɗin nan ka rubuta masa wasiƙa, kada ka tsaya a waya. Ka fara da amsa laifi a sarari: ya kamata in nemi izini, ban nema ba, ina neman afuwa. Kada ka buɗe da ambaton sashen doka. Mutumin da ya ji an yaudare shi, in ka tare shi da lauya sai ya nemo nasa. Bayan haka ka nemi izinin da takardar ta tanada, ka haɗa masa da abin da zai gani da idonsa: sunan nau'in, tsawonta yanzu da iyakar inda za ta kai, wanda ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, takardar likitan dabbobi da ke tabbatar da nau'in da cewa ba ta da dafi, da hoton akwatin.

Kafin ka ɗauki hoton, ka dubi akwatin da idon wanda ke tsoro. In murfin raga ne, ka sauya shi da mai ƙofar gilashi ta gaba da ake sa wa makulli. Ka toshe inda wayoyi suka shiga. Ka sa na'urar daidaita zafi, ka janye akwatin daga bango, ka cike duk giɓin da ke gefen bututu a ɗakin. Ka yi alkawarin ɗaya ce ba za ta zama biyu ba, ba za ka yi kiwon ɓera ba sai daskararru a rufaffen mazubi, ba za ka fito da ita farfajiya ko matakala ba, kuma in ta taɓa kuɓucewa za ka sanar da shi cikin sa'a guda. Ka nemi inshorar da ke biyan diyya in dabbarka ta jawo wa wani asara, amma ka karanta sharuɗɗan da kyau, domin da yawa sukan cire macizai. Ƙarin kuɗin ajiya ma yakan taimaka inda doka ta yarda. A Ingila, misali, dokar 2019 ta ƙayyade shi kan kuɗin hayar mako biyar ga yawancin gidaje, don haka a can ba a iya ƙarawa yadda aka so.

Sannan ka gayyace shi ya zo ya gani. Na raka wani dattijo mai gida zuwa irin wannan ziyara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ɗan hayar bai fito da mesar ba, kuma ya yi daidai. Makullin ya miƙa masa, ya ce, "Baba, gwada buɗewa ba tare da shi ba." Dattijon ya matso, ya ja gilashin, ya girgiza, ya leƙa ya ga abin da ake ta magana a kai a naɗe cikin ɗan kogon roba, kanta ma ba a gani. Ya tambaya sau nawa take ci, aka ce masa sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a rubuta. Muka rubuta ƙarin shafi ɗaya a takardar haya, da sunan nau'in, da adadi, da sharuɗɗan, kowa ya sa hannu. In naka ya amince, haka za ka yi. Izinin baki yakan ɓace ranar da aka sayar da gidan ko aka sauya wakili.

Yana iya ƙi, kuma a wurare da yawa yana da wannan ikon. In haka ta faru, ka nemi ya ƙara maka lokaci a rubuce, wata ɗaya ko biyu, ka kai ta wurin wani amintaccen mai kiwo ya riƙe maka har ka sami gidan da zai karɓe ku tare. Fitar da ita cikin wa'adi yakan kashe dalilin korar. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne sakin ta a daji ko magudanar ruwa. Wadda ta tashi a akwati wahala za ta sha ta mutu, a wurare da yawa kuma laifi ne. Fadamar Everglades ta jihar Florida ta cika da mesar Burma da asalinsu daga hannun masu kiwo suka fito, sun yi wa ƙananan namun dajin wurin mummunar ɓarna, har jihar ta hana kiwonsu a gida.

Irin mesarka takan rayu shekara 20 zuwa 30 in ana kula da ita, taka kuma huɗu kawai ta yi a hannunka. Akwai takardun haya da yawa a gabanku. Wasiƙar likitan da hotunan akwatin da za ka haɗa a wannan makon, ka ajiye su a fayil ɗaya, ka ƙara da shaidar mai gidan nan in kun rabu lafiya. Gidan da za ka nema nan gaba, ka ajiye fayil ɗin a gaban mai shi kafin ka biya ko sisi.